Fitilar Hazo: Yaushe Ake Kunna Ta, Yaushe Ake Kashe Ta?

Maɓallin fitilar hazo yana cikin maɓallan mota da aka fi yi wa mummunar fahimta. Wani bai taɓa murɗa shi ba tun da ya sayi motar, wani kuma tun ranar da ya gano shi bai sake kashewa ba. Ga tambayoyin da direbobi suka fi yi a kai.

Me ya bambanta fitilar hazo da sauran fitilun mota?

Iri biyu ce, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Ta gaba tana can ƙasa a jikin bamba. A ƙa'idar ƙera motoci ta Turai, ba ta yin ƙasa da santimita 25 daga ƙasa, a ƙananan motoci kuma ba ta wuce santimita 80. Haskenta gajere ne mai faɗi, an datse shi daga sama don kada ya tashi. Ga dalilin. Hazo ƙananan ɗigon ruwa ne ko ƙura da suke rataye a iska, haske in ya doke su sai wani kasonsa ya dawo baya. Idan fitila tana kusa da saitin idon direba, hasken da ya dawo idonsa yake shiga kai tsaye. Idan kuwa tana ƙasa tana kallon kwalta, kaɗan ne yake dawo masa, sai ya samu ya ga layin titi da bakin hanya.

Ta baya ja ce, kuma ba ta haska wa direba komai. An yi ta ne don wanda ke biye ya hango ka tun daga nesa. A motoci masu ƙwai na gargajiya, ƙwan fitilar baya ta kullum wat 5 ne, na fitilar hazo kuwa wat 21, daidai da na birki. Ka riƙe wannan, domin kusan duk matsalar da fitilar ke jawowa daga nan take.

To yaushe ya dace a kunna?

Ma'aunin shi ne nisan da ido ke kaiwa. Ganin an tashi da hazo kawai bai isa hujja ba. Dokar hanya ta Birtaniya, a sashe na 226, ta ce idan gani ya ragu ƙwarai, wato ba ka hango abin da ya wuce mita 100, dole ka kunna manyan fitilu, kuma kana iya ƙarawa da na hazo. Sashe na 236 ya hana kunna su in ba a wannan hali ba, ya kuma wajabta kashewa da zarar gari ya washe. Jamus ta fi tsanani a kan ta baya: sai hazo ya sa ba a ganin abin da ya wuce mita 50, kuma a irin wannan yanayi gudu ba zai haura kilomita 50 a awa ba. A Amurka ba dole ba ne mota ta zo da fitilar hazo ta baya, shi ya sa motoci da yawa da aka ƙera don can ba su da ita sam.

Dokoki sun bambanta, don haka kowa ya san ta ƙasar da yake tuƙi. Amma mita 100 ma'auni ne mai kyau ga ta gaba. Ta baya kuwa, a ganinmu gara a jinkirta ta har sai fitilun bayan motar da ke gabanka sun fara ɓace maka. In ka daina ganin nasa, na bayanka ma ya daina ganin naka.

Ta yaya mutum zai auna mita 100 yana kan tuƙi?

Kusan tsawon filin ƙwallon ƙafa ke nan, amma ido yakan yi ƙarya a cikin hazo. Hanyar da ta fi inganci ita ce ƙirga. Ka lura da wani abu a bakin hanya, allo ko turken lantarki, daidai lokacin da ya fara bayyana, sai ka ƙirga daƙiƙu har ka iso gare shi. A gudun kilomita 60 mota tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa guda, don haka daƙiƙa shida mita 100 ke nan. A gudun kilomita 50, daƙiƙa bakwai. Idan ka iso kafin ka gama ƙirgar, lokacin kunnawa ya yi, lokacin sassauta ƙafa daga totur ma ya yi.

Me zai hana a kunna doguwar fitila, tunda ta fi ƙarfi?

Ƙarfin nata shi ne aibinta a nan. Doguwar fitila, wadda direbobi ke cewa ful, tana harba haske miƙe a saitin ido. A cikin hazo sai ka ga kamar an rataya maka farin zane a gaban bonet, layin titin da kake ɗan gani ma ya ɓace. Gajeruwar fitilar gaba, wato dim, ake sawa, a ƙara da ta hazo. Kada kuma a kashe dim a dogara da ta hazo kaɗai a kan babbar hanya, domin haskenta bai kai nisan da ake buƙata ba.

Idan na kunna ta gaba, ina iya ci gaba da gudun da na saba?

A'a. Nan ne mutane da yawa ke yaudarar kansu. Fitilar hazo ta gaba 'yan mitocin da ke gaban mota da gefunan hanya take haskawa, ba ta huda hazo. Gaban motar yakan yi haske tas, direba ya ji hankalinsa ya kwanta, alhali nisan da yake hangowa bai ƙaru ba.

Dubi lissafin tsayawa na dokar hanyar Birtaniya, a busasshiyar kwalta: mota mai gudun kilomita 48 a awa tana buƙatar mita 23 kafin ta tsaya cak, mai gudun 80 tana buƙatar mita 53, mai gudun 112 kuwa mita 96. Hazon ruwa yakan jiƙa kwalta, a jiƙaƙƙiyar hanya kuma nisan yana iya ninkawa. Wanda yake ganin mita 50 kacal yana gudun 80, in ya hango motar da ta mutu a tsakiyar hanya, birki ba zai cece shi ba ko da fitila nawa ya kunna. Akwai kuma wata yaudarar ido: hazo yana ɓoye itatuwa da gine-ginen da ƙwaƙwalwa ke auna gudu da su, sai mutum ya ji kamar a hankali yake tafiya. Ka riƙa duban allurar gudu, kada ka yarda da abin da jikinka ke gaya maka.

Ruwan sama fa? Ana kunnawa?

Ta gaba, e, idan ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya har gani ya gaza mita 100. A yayyafi babu buƙata, ma hasali jiƙaƙƙiyar kwalta kamar madubi take, tana ɗaukar hasken nan na ƙasa ta watsa shi a idon mai tahowa.

Ta baya ita ce abin taka-tsantsan. Jan haske mai ƙarfi in ya haɗu da ɗigon ruwa a gilashin direban da ke biye da kai, tarwatsewa yake yi ya cika masa gilashi da ja. Shi ya sa Faransa ta yarda da ita a hazo da dusar ƙanƙara kawai, ta hana a ruwan sama komai ƙarfinsa. Birtaniya ba ta ware ruwa ba, nisan gani kawai ta duba.

Mene ne laifi idan na bar ta a kunne da dare alhali gari garau yake? Ai ƙarin haske ne.

Laifi uku ne, kuma na farko kai yake cuta. Idan kwaltar da ke dab da bamba ta yi haske fiye da kima, ƙwayar ido takan tsuke don ta dace da hasken, hankali kuma ya koma kan abin da ke kusa. Can nesa, inda mai tafiya a ƙasa ko dabba za su ɓullo, sai ya ƙara duhu. Abin da ke mita goma a gabanka, a gudun babbar hanya, ka riga ka taka shi kafin ƙafarka ta kai birki, don haka haska shi ba ya ƙara maka komai.

Na biyu, kana dalle wa masu tahowa ido, musamman in saitin fitilar ya goce ko motar ta ɗauki kaya bayanta ya zauna, gabanta ya ɗaga.

Na uku shi ne mafi haɗari, kuma na ta baya ne. Tunda ƙarfinta ɗaya da na birki, wanda ke biye da kai yana kallon jan haske mai ƙarfi minti bayan minti. Da farko zai yi ta taka birki yana zaton tsayawa za ka yi. Daga baya idonsa ya saba. Ranar da ka taka birkin gaske, bambancin da zai ja hankalinsa ya ragu, sai ya makara da rabin daƙiƙa, wanda a gudun kilomita 100 kusan mita 14 ne. Saboda wannan ne ƙa'idar Turai ta ce a bar tazarar fiye da santimita 10 tsakanin fitilar hazo ta baya da ta birki, amma daga nesa tazarar ba ta hana su haɗewa a ido.

A cunkoso cikin hazo fa?

Kashe ta baya. Idan kana ganin motar da ke bayanka sarai a madubi, shi ma yana ganinka, fitilar ta gama aikinta. In kai ne na ƙarshe a layi kuma bayanka babu kowa, bar ta har wani ya iso ya rage gudu.

Motata tana kunna fitila da kanta. Ba shi ke nan ba?

Na'urar da ke wannan aiki duhu take aunawa, ba ta san hazo ba. Hazon rana fari ne fat, sai ta ɗauka gari a waye yake ta ƙi kunna komai. Ga kuma fitilun rana da ke gaban sababbin motoci: suna ci, dashbod na haske, direba ya zaci komai a kunne yake, alhali a motoci da yawa bayan duhu ne ƙirin. A hazo ka murɗa maɓalli da hannunka zuwa dim. A yawancin motoci ma ta hazo ta baya ba za ta kama ba sai dim ko ta hazo ta gaba na ci.

Yaya zan gane wadda ke kunne a dashbod?

Alamar ta gaba koriya ce: hoton fitila na kallon hagu, da layuka uku da suka karkata ƙasa, wani lanƙwasasshen layi ya ratsa su. Ta baya ruwan ɗorawa ce, fitilar na kallon dama, layukan a miƙe. In ka zagaya bayan mota ka ga gefe ɗaya ne kawai ke ci, kada ka yi saurin cewa ƙwai ya mutu. Motoci da yawa guda ɗaya ake sa musu, a ɓangaren direba ko a tsakiya.

Rawaya ta fi fara huda hazo?

Ba ta fi ba. Ɗigon hazo ya fi tsawon zangon haske girma nesa ba kusa ba, don haka kusan daidai yake watsa kowane launi. Abin da rawaya ke da shi shi ne sauƙi a ido, hasken da ya dawo bai kai na fari mai shuɗi-shuɗi gajiyarwa ba. Faransa ta daɗe tana wajabta rawayar fitila a gaban mota kafin ta janye dokar a 1993. Siffar hasken da saitinsa sun fi launi muhimmanci.

Ta yaya ake saita ta, kuma me ya fi lalacewa?

A samu shimfiɗaɗɗen wuri, a tsayar da mota tana fuskantar bango da tazarar mita 7.6, iskar tayoyi daidai, babu kaya a but. A auna tsayin tsakiyar fitilar daga ƙasa, a yi alama a bango a wannan tsayin. Saman hasken ya kamata ya sauka kimanin santimita 10 ƙasa da alamar. Akwai kusar saiti a baya ko ƙarƙashin fitilar, da ita ake ɗagawa ko saukewa. Idan littafin motar ya ba da wani adadi, nasa za a bi.

Da yake a ƙasa take, ita ke shan tsakuwa da taɓo. Gilashin da ya yi zafi in ruwan kududdufi mai sanyi ya fantsamo masa yana iya tsagewa, daga nan danshi ya shiga ya dusashe madubin ciki. Ƙwan halojin ba a kama gilashinsa da yatsa, maiƙon hannu yana sa wurin ya yi zafi fiye da sauran, ƙwan ya mutu da wuri. A kuma sa ƙwai mai lambar da aka rubuta: H8 wat 35 ne, H11 wat 55, kuma cusa mai ƙarfi a gidan roba da aka yi don ƙarami yana narkar da soket. Ƙwai biyu masu wat 55 suna jan kusan amfiya 9, saboda haka wanda zai ƙara fitilar a motar da ba ta zo da ita ba sai ya bi ta rile, wato makunnin lantarki mai ɗaukar nauyin wuta, da fiyus nata na kanta, kada ya rataya ta a wayar dim. In duka biyun suka mutu lokaci guda, fiyus da rile za a fara dubawa kafin ƙwai. Sa ƙwan LED a gidan da aka ƙera don halojin kuwa sau da yawa yana ɓata datsewar nan ta sama, hasken ya watsu ko'ina, a bango ka ga babu layi sai dumɓun haske. Fitilar ta ƙara ƙyalli, amma ta daina aikin hazo.

Idan hazon ya kai ba a ganin komai fa?

A rage gudu sannu a hankali, kada a taka birki kwatsam. A kunna waifa da iskar da ke busar da gilashi, domin wani lokaci rabin hazon a jikin gilashin yake. A mahaɗar hanya a sauke gilashin taga a saurari motsin motoci. Kada a manne wa jan hasken motar gaba, in ya kauce hanya tare za ku kauce.

In tafiyar ta gagara, a nemi wurin da za a fita daga kan hanya gaba ɗaya. Tsayawa a kan layi ko dab da shi shi ke haddasa karon motoci da yawa a jere. Idan dole ta sa aka tsaya a kafaɗar hanya, a kunna siginar haɗari. A guguwar ƙura kuwa, hukumomin jihar Arizona ta Amurka suna ba da wata shawara daban: bayan ka fita daga kwalta sosai, ka ja birkin hannu, ka ɗage ƙafa daga birki, ka kashe fitilu duka. Dalilinsu shi ne direban da ba ya ganin hanya jan haske yake bi, in ya hango naka zai ɗauka kana kan titi kana tafiya, ya biyo ka har inda ka faka.