Komawa ƙananan kwalejojin Amurka masu wuyar shiga: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Duk watan Janairu sai saƙonnin ƙannenmu da ke karatu a Amurka su cika mini waya, kuma tambayoyin ba sa canzawa: yadda za su canja makaranta zuwa ɗaya daga cikin ƙananan kwalejojin nan masu wuyar shiga. Don Allah a karanta wannan kafin a sake rubuto mini.

Wai suna karɓar wanda ya riga ya fara wata makaranta?

Suna karɓa, amma kaɗan.

Me ya sa kaɗan?

Saboda babu mai fita. Williams da Amherst, duka a jihar Massachusetts, kowace ɗalibanta wajen 2,000 ne, Swarthmore ta Pennsylvania ma ba ta kai haka ba. Fiye da kashi 95 cikin 100 na 'yan aji ɗaya suna dawowa aji biyu, kuma kusan kowa a cikin makaranta yake kwana. Gurbinka gadon da wani ya bari ne. Kowace kwaleji tana fitar da takardar alƙalumanta mai suna Common Data Set, sashen D zai nuna maka masu canjin makaranta nawa suka nema, nawa aka ɗauka. Je ka duba da idonka.

Ina da digiri na farko, zan iya?

A'a. Nemi digiri na biyu a jami'a.

Maki nawa ake buƙata?

Yawancin sakamakonka ya zama A, a darussa masu nauyi. Kada ka cika jadawalinka da masu sauƙi don GPA, wato matsakaicin makinka, ya hau, masu duba takardun nan aikinsu ke nan.

Me zan rubuta a bayanin dalilina na son canja makaranta?

Nan nake faɗa da ku. Bara wani yaro ya turo mini nasa, shafi guda cur: sanyi ya yi yawa, abinci ba daɗi, malamai ba sa kula kowa. Sunan kwalejin da yake nema sau ɗaya ya fito, a layin ƙarshe. Na mayar masa. Wanda ya zagi gidan da yake ciki, masu sabon gida ma tsoronsa za su ji. Faɗi abin da kake son koya wanda babu a inda kake, da sunan sashen, da darasin. Idan dalilinka suna ne kawai, za su gane.

In nema bayan shekara ɗaya ko bayan biyu?

To, wannan ba ta da amsa guda, kuma ba na so wani ya ce ni na sa shi. Idan ka nema a watan Maris na shekararka ta farko, sakamakon zango ɗaya tak ke hannunsu, don haka za su koma kan na sakandare sosai. In na sakandaren yana da kyau, madalla. In shi ne ya hana ka shiga tun farko, zango ɗaya da wuya ya wanke shi, gara ka ƙara shekara ka tara zango uku masu kyau, ka kuma samu malamin da ya san ka sosai har zai iya rubuta maka shaida mai nama.

Amma jiran ma yana da nasa haɗari. Yawancin kwalejojin nan suna so ka yi aƙalla shekara biyu a wurinsu, wanda ya shiga aji uku ƙofa ta fara rufe masa. Kuma ba duk darasi suke ƙirgawa ba: lissafi, tarihi, kimiyya, harsuna sukan wuce in ka ci C ko sama, amma irin su aikin jinya ko kasuwanci sau da yawa ba a lissafa su. Kana iya rasa zango guda. Ɗalibin kwalejin al'umma mai shekara biyu kuwa, nasa daban ne: ya kammala tukun, domin Amherst ta daɗe tana neman irinsu, ga kuma tallafin gidauniyar Jack Kent Cooke da aka keɓe musu. Duk da haka, ka rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai ka tambaya, suna amsawa.

An ƙi ni a baya, akwai amfanin sake nema?

Kwantar da hankalinka, ƙanena, wannan ba tabo ba ne. Sai dai ka zo da sabon abu.

Kuɗi fa?

Ɗan ƙasar waje ya fara da wannan tambaya kafin komai. Wasu kwalejojin suna duba ƙarfin aljihunka wajen yanke hukunci, wasu tallafinsu ga baƙo mai canjin makaranta kaɗan ne ko babu. Cike CSS Profile, fom ɗin neman tallafin kuɗi, tare da takardar nema, in ka bari sai an ɗauke ka, ka makara. Mai bizar karatu ta F-1 kuma sai an mayar da rajistarsa ta SEVIS (kundin gwamnatin Amurka na ɗalibai baƙi) zuwa sabuwar makarantar, an ba shi sabuwar I-20, takardar da makaranta ke bai wa ɗalibi baƙo.

Yaushe ake rufewa?

Da yawa 1 ga Maris, wasu har Afrilu. Takardar College Report, mai tabbatar da matsayinka a makarantar da kake yanzu, sai jami'in makarantarka ya sa hannu, kuma ba a rana ɗaya yake yi ba. Kai masa tun Fabrairu.