Ƙyalli a hoton kyamarar masana'anta: ta ina ake kashe shi?

Me ke jawo farin tabo a hoton gwangwani ko leda?

Fuska mai santsi tana mayar da haske kamar madubi: kusurwar da ya sauka, ita ce kusurwar da zai tashi. In kyamara tana kan hanyarsa, fitilar kanta take gani, ranar ƙarewar wa'adi da aka buga a gindin gwangwanin kuwa ta ɓace.

Manhaja ba za ta goge shi ba?

A'a. A hoto mai bit 8, inda ake auna hasken kowane fiksel (ɗan ɗigon hoto) daga 0 zuwa 255, fiksel da ya kai 255 ya cika, bayanin da ke ƙarƙashinsa ya tafi. Manhaja sai dai ta yi ƙiyasi, ƙiyasi kuma ba ya karanta lambar magani. Wurin fitila ake gyara.

Wace fitila ta dace?

Ya danganta da siffar kayan. Abu mai lanƙwasa, kamar gindin gwangwani ko fakitin ƙwaya, yana son fitila mai siffar ƙwarya da aka kife, wadda haskenta ke zuwa ta ko'ina. A matso da ita kusa sosai. In ta yi nisa amfaninta ya ragu, kuma ramin da kyamara ke leƙowa ta saman ƙwaryar yakan bar baƙin ɗigo a tsakiya. In karce ko rubutun da aka huda ake nema, a kwantar da fitila ƙasa, wajen digiri 10 zuwa 15 daga fuskar kayan: santsin ya fito baƙi, karcen ya haska.

Polaraiza fa?

Polaraiza mataci ce mai barin hasken da ke kaɗawa ta fuska ɗaya kaɗai ya wuce. Biyu ake sakawa, ɗaya a gaban fitila, ɗaya a kan lensi, a juya ta biyun har ta saɓa wa ta farko da digiri 90. Ta lensi kaɗai tana rage ƙyallin gilashi, musamman in haske ya sauka a karkace, kusa da digiri 56 daga miƙe, amma a kan tsurar ƙarfe ba ta tsinana komai.

Kuɗinta shi ne haske: kowace tana cinye fiye da rabi. Wanda ya ƙara lokacin ɗauka don ya rama, alhali bel ɗin da ke ɗauke da kayan na gudu, hotonsa zai yi dishi-dishi; gara ya ƙara ƙarfin fitila mai walƙiya. Ledar da aka ja ma takan murɗe hasken, ƙyallin ya dawo da launuka.

Da safe lafiya, da rana ƙyalli ya dawo. Me ya faru?

Hasken taga ne. A rufe wurin ɗaukar hoton, a sa jar fitila da matacin lensi mai barin jan haske kaɗai.