Sankarar Hanji: Inda Bincike Ya Dosa da Abin da Majiyyaci Zai Tambaya

Sankarar babban hanji ba ta faɗo wa mutum rana ɗaya. Yawanci tana somawa da ɗan tsiro a bangon hanji, wanda kan yi shekara goma ko fiye kafin ya rikiɗe. A 2022 ta kama kusan mutum miliyan 1.9 a duniya, ta kashe kimanin 900,000.

Binciken da ke gudana yanzu ya fi karkata ga tantance wanda ke buƙatar magani mai ƙarfi da wanda za a iya ɗauke masa.

Bayan an yanke ƙarin, hoto ba ya nuna ko 'yan ƙwayoyin cutar sun saura. Shi ya sa akan ba mutane da yawa kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, don gudun dawowarta, da duk wahalarsa: tashin zuciya, gudawa, mutuwar yatsu. A binciken DYNAMIC na Ostireliya, wanda aka fitar a 2022, an ɗebi jinin masu cutar a mataki na biyu a mako na 4 da na 7 bayan tiyata, ana neman ɓurɓushin DNA na ƙarin. Da aka ɗauke wa waɗanda ba a ga ɓurɓushin a jininsu ba, masu shan kemo suka ragu daga kashi 28 zuwa 15 cikin ɗari, kuma cutar ba ta fi dawowa ba. Gwaje-gwajen da ke tafe suna duba ɗaya ɓangaren: in jini ya nuna tana nan, ƙara ƙarfin magani zai yi amfani?

A shekarar dai, a asibitin Memorial Sloan Kettering da ke Amurka, an ba mutum 12 masu sankarar dubura maganin dostarlimab, duk mako uku, tsawon wata shida. Ƙarin ya ɓace a dukkansu. Sai dai a yi hattara da masu kambama labarin: yana aiki ne a kan nau'in da ake kira dMMR, wanda ƙwayoyinsa ba sa iya gyara kurakuran DNA, kuma ba shi ne ya fi yawa ba. Don haka majiyyaci ya tambaya ko an auna nau'in ƙarinsa.

A 2025 kuma binciken CHALLENGE ya nuna motsa jiki bisa tsari, na shekara uku bayan kemo, yana rage dawowar cutar.

In aka gayyace ka shiga gwajin sabon magani, kada ka sa hannu sai ka ji amsar waɗannan: gwajin yana mataki na nawa ne, da wane magani za a kwatanta, wa zai biya kuɗin aune-aune, wa zan kira in illa ta taso da dare? Sau da yawa kwamfuta ce ke raba mutane rukuni-rukuni, ba likita ba, don kauce wa son rai. Kana da 'yancin janyewa kowane lokaci ba tare da an daina kula da kai ba.

Kafin sakamakon waɗannan gwaje-gwaje ya iso, tantancewa don gano cutar da wuri tana nan. Gwajin FIT yana gano jinin da ido ba ya gani a bayan gida. In ya nuna, dole a bi shi da kyamarar duba hanji, wadda ke cire tsiron nan take. A nan ne mutane da dama ke yin sakaci. Amurka ta mayar da shekarun fara tantancewa 45 a 2021, mai tarihin cutar a dangi kuwa yakan fara kafin haka.

Jini a bayan gida, sauyin fitarsa na makonni, rama ba dalili, ko ƙarancin jini: kada a yanke cewa basir ne sai likita ya duba.