Ƙona ciyawa a gona ba taki ba ne

Wai har yanzu mutane na cewa in ka banka wa ciyawa da karan masara wuta bayan girbi ka yi wa gona taki. Daga Igabi har Giwa da Soba a jihar Kaduna da kaka ta wuce sai hayaƙi ko ina. Eh, toka tana da ɗan fotash, ɗaya daga cikin sinadaran abincin shuka, kuma tana rage tsamin ƙasa, amma naitirojin ɗin da muke sayen Urea da tsada saboda shi a hayaƙin yake tafiya, tokar ma iskar hunturu ta kwashe ta tun kafin ruwan farko.

Abin da ke daɗewa a ƙasar gona ba toka ba ce, gawayi ne, kuma ba sai an sare itace ba, gamba busasshiya ma tana yi. A haƙa rami mai faɗin baki da tsukakken gindi kamar kwarya, a kunna wuta a gindin ramin, ana zuba ciyawa kaɗan kaɗan, da ka ga farar toka ta fara hawa sai ka ƙara wata a kai, harshen wutar da ke sama shi ke hana iska isa ƙasa har ta cinye gawayin. In ya cika a kashe da ruwa sosai, ba yayyafi ba, in ba haka ba kafin safe ya koma toka.

Amma fa kar a zuba gawayin a gona haka nan, zai iya riƙe abincin shuka da farko masara ta yi ɗorawa. A cakuɗa da kashin kaji ko na shanu, a jiƙa a bar shi kamar sati 2 zuwa 4. Ƙananan ramukan jikinsa ne ke riƙe ruwa da taki, kuma yana shekaru a ƙasa bai ruɓe ba.