Nintendo Switch 2: abin da masu sharhi da 'yan gem suka faɗa a makonnin farko

Ranar 5 ga Yuni, 2025, kamfanin Nintendo na Japan ya fito da na'urar wasan gem mai suna Switch 2, shekara takwas bayan Switch ta farko. A daren fitowarta mutane sun kafa layi a bakin shaguna a Amurka da Turai, amma tun kafin gari ya waye ra'ayi ya rabu. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta.

Wace irin na'ura ce, kuma nawa aka sa mata?

Tsarinta irin na yayarta ne: ka riƙe a hannu ka buga, ko ka ɗora ta a mazauninta hoton ya koma talabijin. Allonta inci 7.9 ne, na farkon kuwa 6.2. Ma'ajiyarta gigabait 256, waccan 32 kacal. A Amurka an sayar da ita dala 449.99, wadda aka haɗa da wasan Mario Kart World kuma dala 499.99. Switch ta farko dala 299.99 ta fito a 2017.

Me ya sa sharhin farko ya zo rabi da rabi?

Domin ba a ba 'yan jarida na'urar da wuri ba. Bisa al'ada, kamfani yakan aika sabuwar na'ura ga masu sharhi tun da sauran kwanaki, su zauna da ita, su gane lagonta. Wannan karon yawancinsu sai dab da fitowa ta shiga hannunsu, tunda wasu ayyukanta ba sa tashi sai an sauke sabuntawar ranar farko. Shi ya sa manyan shafukan wasanni suka riƙa buga abin da suka kira sharhin da ba a kammala ba, suna ƙarawa kullum. Wanda ya saya a makon farko, kusan tare suka fara gwaji da mai sharhin da yake jiran ya ba shi shawara.

To me aka yaba?

Abu na farko da kusan kowa ya ambata shi ne hannuwan wasa, wato Joy-Con 2. A da zura su ake yi ta wani siririn layi a gefen na'ura, idan suka tsufa sai su fara rawa. Yanzu maganaɗisu ne: kana kusanto da hannun gefen allo sai ka ji ya cafke da kansa, ƙas, ya zauna daram. Kana iya kwantar da shi a kan tebur ko ma a cinyarka ka ja shi kamar linzamin kwamfuta.

Na biyu ƙarfi. Wasa mai nauyi irin Cyberpunk 2077, wanda tsohuwar Switch ba ta isa ta ɗauka ba, ya fito a kanta tun ranar farko. Galibin tsofaffin wasannin Switch suna aiki, wasu ma sun fi gudu sumul fiye da da. Har shagon sayen wasanni na cikin na'urar, wanda a da yake tafiyar hawainiya, an yaba da saurinsa.

Ina aka fi kuka da ita?

Batir da allo. Nintendo da kansa ya ce cajin yana kai awa 2 zuwa 6 da rabi, gwargwadon nauyin wasa, alhali Switch ɗin da aka gyara a 2019 tana yin awa 4 da rabi zuwa 9. Masu buga manyan wasanni sun tarar cajin nasu ya fi kusa da ƙaramin adadin. Ga mai zama inda wuta ba ta tsayawa, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Allon kuma nau'in LCD ne, ba OLED mai fitar da launi tar ba, duk da cewa tun 2021 akwai Switch mai OLED. Waɗanda suka saba da baƙin OLED mai zurfi sun ji kamar an mayar da su baya. Masu gwajin fasaha na Digital Foundry sun nuna hoton yana ɗan dishewa idan abu yana gudu da sauri. Sai tsohon ciwon sandar juyi, wato 'yar sandar da ake juyawa da yatsa a hannun wasa, wadda a Switch ta farko takan fara motsa ɗan wasa ba tare da an taɓa ta ba. Nintendo ya ce ya sake ƙera ta, amma bai sa wa cikin sandar irin fasahar maganaɗisun da 'yan gem suka daɗe suna roƙo ba. Mako ɗaya ba ya isa a san ko ciwon ya warke.

Me ya tayar da ƙura a kan farashi?

Ba kuɗin na'urar ne ya fi ɓata rai ba, kuɗin wasa ne. Mario Kart World shi kaɗai dala 79.99, farashin da Nintendo bai taɓa sa wa wasa zalla ba. A watan Afrilu, lokacin da kamfanin yake nuna wasanninsa kai tsaye a YouTube, masu kallo sun cika wurin tsokaci da kira guda: a rage farashi. Ƙari a kan haka, Welcome Tour, wanda aikinsa kawai ya zagaya da kai ya nuna maka yadda na'urarka take, sai ka biya dala 9.99. Mutane suka tuna PlayStation 5 ta zo da nata irin wannan wasan, Astro's Playroom, kyauta. A ganina sun yi gaskiya. Wanda ya zuba dala 450 bai kamata a sayar masa da jagorar kayansa ba.

A Amurka an ma ɗage fara karɓar oda daga 9 zuwa 24 ga Afrilu saboda sabon harajin shigo da kaya na gwamnatin Trump. A Japan kuwa an yi wata mai harshen Japananci kaɗai a kan yen 49,980, mai harsuna da yawa kuma yen 69,980.

Mene ne wannan katin mabuɗi da ake ta magana?

Nan ne abin ya fi damuna, kuma nan nake so mai karatu ya nutsu. Ka shiga shago, ka sayi wasa a kwalinsa, ka buɗe ka ga ɗan jan kati. Ka zura shi a na'ura, sai ta ce maka ka haɗa intanet. Babu wasan a cikin katin. Mabuɗi ne kawai da yake ba ka izinin sauke shi. Bayan ka sauke, dole katin ya zauna a ciki duk lokacin da za ka buga. Sunansa Game-Key Card, kuma wasannin kamfanoni da yawa haka suka fito, ciki har da Street Fighter 6.

Adalci a faɗa: katin ba a ɗaure yake da asusun mutum ɗaya ba, kana iya ara wa aboki ko ka sayar. Wasannin Nintendo na kansa da suka fito da na'urar suna cikin katinsu cif, haka ma Cyberpunk 2077. Amma duba abin da mabuɗin yake jawowa. Wasa ɗaya yana iya cin gigabait gommai, wato kuɗin data a kan kuɗin kati. Ma'ajiya tana cika da wuri, kuma tsohon memorinka ba zai ɗauki wasa ba, sai sabon nau'i mai suna microSD Express wanda ya fi tsada. Sannan akwai tambayar da masu adana wasanni suka yi: ranar da kamfani ya rufe wurin saukewa, me ya rage a hannunka? Ba tsoro ne na banza ba, domin Nintendo ya rufe sayayya a shagunan intanet na tsofaffin na'urorinsa 3DS da Wii U a Maris 2023. Kafin ka biya, duba ƙasan kwalin ta gaba. Akwai rubutu da hoton mabuɗi da ke nuna irin katin.

Idan kuka ya yi yawa haka, ta sayu kuwa?

Ƙwarai. Nintendo ya sanar da sayar da fiye da miliyan 3.5 a kwana huɗu na farko, abin da babu na'urarsa da ta taɓa yi. A Japan sai da aka yi ƙuri'a don fitar da waɗanda za a sayar wa, mutum kusan miliyan 2.2 suka nema a zagayen farko a shagon kamfanin. Sai dai masu sayen makon farko masoya ne na gani-kashe-ni, kuma da yawansu suna kukan farashi suna biya.

Wanda zai sayi ta hannu, me zai kiyaye?

Tun a watan fitowarta aka fara samun na'urorin da Nintendo ya toshe daga intanet saboda an zura musu katin kwafar wasanni. Toshewar a jikin na'urar take, ba a asusun mai ita ba, don haka tana bin ta duk hannun da ta shiga. Irin wannan ba za ta shiga shagon wasanni ba, ba kuma za a buga da wasu ta intanet a kanta ba. Kada ka miƙa kuɗi sai mai sayarwa ya haɗa ta da intanet a gabanka, ya buɗe shagon kana gani, ka kuma juya sandunan biyu ka sake su ka ga ko sun tsaya cak.