Lambar ISBN Ba Ta Kare Littafi Daga Satar Fasaha

Marubuta da yawa sun ɗauka da zarar an buga ISBN a bangon littafi, shi ke nan ya tsira daga ɓarayi. Ba haka ba ne. Lamba ce mai alƙaluma 13 da ke bambanta bugu da bugu a kasuwa. A Najeriya, Ɗakin Karatu na Ƙasa ke bayar da ita.

Haƙƙin mallaka kuwa yana tabbata tun ranar da aka rubuta labarin, ko babu rajista, kuma a Najeriya yana ci gaba har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Wajen yarjejeniya da kamfanin buga littafi ake tafka asara: wanda ya sa hannu ya sayar da haƙƙinsa kacokan, ISBN ba za ta dawo masa da shi ba. A rubuta yawan kwafi da shekarun izini ƙarara a cikin yarjejeniyar.