Kan Injin MGB Da Ba A Taɓa Ɗaurawa Ba: Me Za A Duba Kafin A Biya?

Kamfanin MG ya ƙera motar MGB a garin Abingdon na Ingila daga 1962 zuwa 1980. Har yau akan ci karo da kan injinta, wanda makanikai ke kira top silinda, kwance a kwali shekara arba'in ko fiye, mai shi yana cewa na asali ne, bai taɓa hawa inji ba.

Ta yaya za a gane da gaske ba a taɓa ɗaura shi ba?

A wanke giris ɗin ajiya da kananzir, a duba fuskar da ke zama kan gasket. Sabo yana da zanen injin sassaƙa sarai, babu shatin zoben gasket kewaye da ramukan ƙonewa. Sai wuraren zaman noti goma sha ɗaya: in an taɓa ɗaurewa, wasa, wato zoben ƙarfen da ke ƙarƙashin noti, kan bar da'ira mai sheƙi. A haska tocila cikin hanyoyin ruwa, kada a ga farin ɓawon da tafasasshen ruwa ke bari, kada kuma a ga baƙin hayaƙi a lungun ƙofofin salansa. Na ƙarshe kauri: na asali inci 3.125 ne. Wanda ya gaza haka sosai an taɓa sassaƙe shi, kome ƙyallinsa.

Kowane kan MGB zai dace da kowace MGB?

Zai hau, amma hawa daban, dacewa daban. Lambar da aka zuba a jikin ƙarfen ita ce shaida. 12H1326 na motocin farko ne, faɗin bawul ɗin shigar mai inci 1.562, girman ramin ƙonewa wajen sisi (cc) 43. 12H2709 na injin da ya zo daga baya ne, wanda ake kira 18V, bawul ɗinsa inci 1.625, raminsa wajen sisi 39. Ɗora mai ƙaramin rami kan fistin na tsohon inji yana ƙara matsi, injin ya riƙa ƙara kamar ana kaɗa ƙusoshi a gwangwani. Waɗanda aka yi don kasuwar Amurka daga 1968 suna da ramuka huɗu na tura iska saboda dokar hayaƙi. In ba a buƙata, a toshe su. Abin da aka fi mantawa shi ne ramin baƙin mai da ke ƙarƙashin ƙafar baya ta sandar roka (roka su ne ƙarafan da ke danna bawul ya buɗe). A wasu na ƙarshe-ƙarshe an gusa da shi gefe. In bai yi daidai da ramin ƙafar ba, sandar roka za ta yi aiki a bushe har ta cinye.

Tunda sabo ne, ina amfanin gwajin tsagewa?

Kan MGB ya yi suna wajen tsagewa tsakanin silinda ta biyu da ta uku. Dalili kuwa ƙofofinsa biyar ne kawai, biyu na shiga, uku na fita, kuma silindojin tsakiya ƙofar salansa ɗaya suke rabawa, zafi ya taru a nan. Sabo bai sha wannan zafin ba, kuma nan ne darajarsa take. Amma aibin zubi ba ya jiran zafi: ƙananan ramuka kamar tsinin allura a jikin ƙarfe, yashin zubi da ya maƙale a hanyar ruwa, ko tsaga daga faɗuwa a sito. Wani ma abin da ya sa ya daɗe a shago ke nan, an taɓa dawo da shi. Tunda ƙarfen zubi ne, gwajin maganaɗisu da garin ƙarfe yana fito da tsagar waje. Ta ciki kuwa sai an toshe hanyoyin ruwa, a tura iska, a nitsar da shi a ruwan zafi, a ga ko kumfa zai taso. Mai sayarwa da ya ƙi yarda da wannan gwaji, a bar masa kayansa.

Tsatsa fa?

Ja-ja a bayan ƙarfe ba komai ba ne. Wadda ta ci rami a mazaunin bawul ko tsakanin silinda biyu ita ce matsala. Don a ga ko fuskar da ke zama kan gasket ta lanƙwashe, a ɗora mata miƙaƙƙen ƙarfe a miƙe da kuma a karkace. In ma'aunin tazara na inci 0.003 ya shige ƙarƙashi, sai an ɗan sassaƙe fuskar.

Za a iya ɗaura shi yadda yake?

Yawanci a'a. An yi shi ne zamanin fetur mai dalma, wanda aka daina sayarwa a gidajen man Birtaniya farkon 2000. Dalmar ce ke kare mazaunin bawul ɗin salansa. Babu ita, a doguwar tafiya da gudu bawul yakan riƙa nitsewa cikin ƙarfen, tazarar tafet, wato ɗan gibin da ke tsakanin roka da bawul, ta rufe, bawul ya ƙone. Don haka a sa masa ƙarfafan mazauni huɗu na salansa, a canza robobin bawul da suka bushe, a goge ramukan fulogi masu milimita 14. Wajen ɗauri a fara daga tsakiya a yi waje, a kai ƙarfin ɗauri fam-ƙafa (lb-ft) 45 zuwa 50, a sake bi bayan mil 500, sannan a sake saita tafet, don ɗaurin na biyu yana rage tazararsa.